Na Gyara Mata Waƙa, Ta Daina Rubutu

Assalamu alaikum Anti. Mu tara ne muke haɗuwa duk bayan mako biyu, muna karanta wa juna waƙoƙin da muka rubuta. Babu ƙwararre a cikinmu, sha'awa ce kawai ta haɗa mu. Ni na ɗan taɓa karatun aruli, wato ilimin auna karin waƙa, a makaranta, shi ya sa kunnena yakan kama inda kari ya karye. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, duk abin da aka karanta, mai kyau da maras kyau, amsa ɗaya ce: "Masha Allah, Allah ya ƙara basira." Shekara biyu ke nan, ban ga wanda ya matsa daga inda yake ba.

Wata biyu da suka wuce aminiyata ta karanta marsiyyar da ta yi wa mahaifiyarta, wadda ta rasu bara. Akwai baitin da ta ce takalman mahaifiyar har yau suna bakin ƙofa, an rasa mai ɗauke su. Wannan ya taɓa ni ƙwarai. Amma waƙar ta yi tsawo, baiti 31, kari ya karye a wurare da dama, kuma amsa-amon da ta fara da shi, wato sautin da baitoci ke ƙarewa da shi, ba shi ta ƙare da shi ba. Da aka ce kowa ya ce wani abu, na lissafo mata su ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa. Ta ce ta gode, ta naɗe takardarta. Tun ranar ba ta sake zuwa ba, ƙanwarta kuma ta ce mini ta daina rubutu. Muna gaisawa a waya, amma sama-sama. Wasu sun ce na cika zaƙewa, wasu sun same ni a gefe sun ce gaskiya na faɗa. Akwai kuma wani dattijo a cikinmu, waƙoƙinsa cike da kurakurai, ba mai iya ce masa komai.

Anti, na yi laifi ne? In koma "Masha Allah" kamar kowa, ko in ci gaba da faɗin gaskiya in rasa mutane? Kuma yaya zan yi ta dawo?

Daga wata mai son waƙa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma a karo na biyu na daɗe a wuri ɗaya: inda kika ce baitin takalman nan ya taɓa ki. Kin gaya mini, ni da ban san aminiyarki ba, ban kuma ji waƙar ba. Ita fa, kin gaya mata? Daga yadda kika ba da labarin ban ga alama ba. Kin lissafo mata inda kari ya karye, da inda amsa-amo ya sauya, da yawan baitoci. Amma maganar da ta fi waɗannan duka nauyi, wato cewa ta rubuta baiti ɗaya da ya shiga zuciyar mai sauraro ya zauna har bayan wata biyu, ita kika bari a cikinki. Saboda haka da kika tambaye ni ko ki ci gaba da faɗin gaskiya, ni a ganina ranar nan ba ki faɗe ta duka ba. Rabinta kika faɗa, rabin da ya fi sauƙin ƙirgawa.

Ban ɗauke ki mai mugun nufi ba ko kaɗan. Wanda bai damu da mutum ba ba ya sauraron baiti 31 da kunnen da zai kama gaɓar da ta yi yawa, kuma ba ya zama bayan wata biyu ya rubuto wasiƙa irin wannan. Kin riƙe abin da ke ranki shekara biyu, ranar da ya ɓalle kuma sai ya faɗa a kan wadda ta fi kowa rauni a zaman. A nan laifinki yake, kuma laifi ne mai gyaruwa.

Ki ɗan tsaya a inda ta tsaya. Mahaifiya ta rasu bara. Mai yiwuwa takardar nan ce karo na farko da ta iya buɗe baki ta faɗi abin da ke cinta a gaban mutane. Mutum kan kawo waƙa gaban jama'a da ɗayan buƙata biyu: wani lokaci yana so a duba masa aiki, wani lokaci yana so a ji shi ne kawai. Marsiyyar da hawayenta bai bushe ba kusan kullum ta biyun ce. Ke ɗangon da ya ɗingisa, wato layin cikin baiti, kika ji, ita kuwa ji ta yi an ja jan biro a kan mahaifiyarta, mutum bakwai suna kallo. Ko tsawon da kika gani ma yana da dalili. Mai makoki ba ya son rufe waƙa, domin rufewar kamar sallama ce ta biyu, sai ya yi ta ƙara baiti a kan baiti. Da ta samu shekara guda a tsakaninta da takardar, da wataƙila ita da kanta za ta zubar da rabinta ba tare da kowa ya ce mata uffan ba.

A kan "Masha Allah" kuwa, ina tare da ke. Addu'a ce mai kyau, ba wanda zai ƙi ta. Amma idan ita kaɗai ake ba kowace waƙa, marubuci ba zai taɓa sanin ranar da ya yi abin kirki ba. Wanda ya kwana uku yana neman kalma ɗaya da wanda ya rubuta tasa a tsaye kafin a fara zama, tafinsu ɗaya. A hankali mai ƙoƙarin zai gane cewa ba a bambancewa, sai ya saki jiki shi ma. Na sha ganin masu basira sun dusashe a irin wannan zama, ba wanda ya kashe musu gwiwa da baki, kawai dai ba wanda ya taɓa nuna musu cewa ya saurara da gaske. Sai dai ki yi wa 'yan'uwan naki adalci. Yawancinsu suna jin cewa wani wuri ya yi daɗi, wani ya yi tsami a kunne, amma ba su da kalmomin da za su kira abin da suka ji, ke kuma kina da su. Sauran kuma tsoron abin da ya faru ɗin nan suke yi tun farko, yanzu ga shi sun gani da idonsu. Idan ba ki gyara wannan ɓarakar ba, nan da shekara biyar ma ba mai sake buɗe baki a zamanku.

To, a fara da ita. Ki je ki same ta ido da ido, ke kaɗai, ba ta waya ba, ba kuma ta bakin ƙanwarta ba. Ki ce mata kin yi kuskure, ta kawo muku mahaifiyarta ke kuma kika tsaya ƙirga gaɓoɓi, kina neman afuwa. Daga nan ki yi shiru. Akwai kalma ɗaya da za ta taso miki a maƙogwaro, ita ce "amma": amma dai kin san don ci gabanki na faɗa, amma dai karin ya karye. Ki haɗiye ta. Duk ban-haƙurin da aka ɗaura wa "amma" a wutsiya, wutsiyar kaɗai ake ji. Bayan ta ce abin da za ta ce, ko ta yi kuka, ko ta ce ba komai alhali da komai, sai ki biya ta bashin da take binki: ki gaya mata baitin takalman bai bar ki ba tun ranar, ki faɗa mata dalili. Dubban mutane sun rubuta cewa zuciyarsu ta karaya da rashin uwa, mai sauraro ya gyaɗa kai ya wuce. Ita ba ta ambaci zuciya a baitin ba, takalmi ta nuna a bakin ƙofa da hannun da ya kasa miƙawa, sai mai sauraro ya ɗauki baƙin cikin da kansa. Wannan ba a koyar da shi a aji. Ana iya koya wa mutum kari a wata uku, amma idon da ke ganin takalmin nan kyauta ce, kuma ya kamata ta ji daga bakin wadda ta san abin da take faɗa.

Kada ki roƙe ta ta dawo zama a wannan ziyarar, kada ma ki ambaci rubutu na gaba. Idan kin ga fuska, ki nemi ta ba ki waƙar ki ajiye, don kina son ta. Ki kuma sa a ranki cewa daina rubutun nata ba lallai ke kaɗai ce sila ba. Mai makoki kan yi waƙa ɗaya ya zubar da duk abin da ke cikinsa, sannan alƙalami ya bushe na wani lokaci. Kada ki ɗora wa kanki duka nauyin, kada kuma ki matsa mata don ke ki samu sauƙin zuciya.

Idan wata rana ita da kanta ta ce ki duba mata aiki, wannan waƙar ko wata, a nan nake so in daɗe da ke, domin a nan ilimin da kike da shi zai yi amfani ko ya yi ɓarna. Malaman adabin Larabci suna ba da labarin Nabigatuz Zubyani, mawaƙin zamanin jahiliyya wanda ake kafa wa jan tanti a kasuwar Ukaz, mawaƙa suna zuwa suna karanta masa waƙoƙinsu yana yi musu hukunci. Duk da wannan matsayi, an ruwaito cewa a wata waƙarsa wasalin ƙarshen baiti ya saɓa, wasu baitoci suna ƙarewa da kasra, wani ya zo da ruf'a, aibin da suke kira ikwa'i. Da ya shiga Yasriba, wato Madina ta yanzu, mutanen garin suka ji nauyin gaya masa. Sai suka sa wata zabiya ta rera masa baitocin, tana jan wasalin ƙarshe. Da ya ji da kunnensa, ya gane, ya gyara da kansa. Ba wanda ya ce masa ya yi kuskure. Tun da na ji labarin nan nake aiki da shi, kuma ban ga dabarar da ta fi ta ba. Ki karɓi takardar ki rera mata a hankali, da muryar da baitin farko ya kafa. Inda ɗango ya yi tsawo harshenki zai yi tuntuɓe, inda ya gaza za ki ja wasalin da ba a ja. Sau da yawa kafin ki ɗago kai mai waƙar ya riga ya miƙo hannu yana cewa a ba shi ya gyara wurin. Gyaran da mutum ya gano da kunnensa ba ya jin zafinsa, kuma ba ya manta shi.

Amma kafin ki rera, ki sa ita ta fara rera miki. Ina da dalili. Arulin da kika karanta, Halilu ɗan Ahmad na Basra ne ya tsara shi a ƙarni na 8 Miladiyya, ya fitar da karuruwa 15, daga baya wani malami, Ahfash, ya ƙara Mutadarak suka zama 16. Da waƙar Larabawa aka auna shi, marubutan Hausa suka aro, suka yi aiki da irin su Kamil da Rajaz da Mutaƙarab da Ramal da Mutadarak ɗin. Sai dai ba kowace waƙar Hausa ce aka ɗora a kan waɗannan ba. Akwai manyan rubutattun waƙoƙi da masu su suka ɗauko karinsu daga kiɗa da muryar mawaƙan baka, kuma yawancin masu tasowa a yau da wata murya a ka suke rubutu, ba da sikelin aruli ba. Ko a cikin arulin ma akwai zihafi da illa, sauye-sauyen da aka yarda da su a ƙafar waƙa, wanda ya yi wa karatun shigar sauri sai ya ɗauka karaya ce. Sannan rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali. "Baƙi" na launi da "baƙi" jam'in baƙo rubutunsu ɗaya, amma gaɓar farko a ɗaya sassauƙa ce, a ɗayan mai nauyi. "Zuciya" da "hawaye" duk gaɓa uku-uku ne, amma ta farko nauyi, sauƙi, nauyi take tafiya, ta biyun kuma sauƙi, nauyi, nauyi, saboda haka ba sa zama a gurbi ɗaya. Wanda ya ƙirga da ido zai ce ɗangogi biyu daidai suke alhali kunne ya ƙi su, ko ya ce sun saɓa alhali a bakin mai su lafiya lau suke zaune. Ban ce kunnenki ya yaudare ki ranar nan ba, mai yiwuwa duk wuraren da kika nuna karayar gaske ce. Ina so dai ki riƙa shiga da tambaya: da wace murya kika ɗora ta? Idan ta rera ta zauna daram, kin koyi wani abu. Idan ita ma ta yi tuntuɓe a wurin, ba sai kin ƙara komai ba.

Amsa-amon da ya sauya ma tambaya ce kafin ya zama hukunci. A waƙa mai ƙwar huɗu ko ƙwar biyar, wato mai ɗango huɗu ko biyar a kowane baiti, ƙaramin amsa-amo na cikin baiti yana sauyawa daga baiti zuwa baiti, babban na ƙarshen baiti ne ake riƙewa har a rufe. Idan babban ne ya zame mata, ki tambaye ta ko da gangan ta yi. Wani lokaci marubuci kan sauya a daidai inda maganar ta juya, ko da bai san ya yi ba, kuma wannan abin lura ne da za a iya ginawa a kai. Idan kuma kalmomi ne suka ƙare mata, ita za ta faɗa da bakinta, ku nemi mafita tare. Batun tsawo kuwa, kada ki ce ta rage. Ki ce ta nuna miki baitoci biyar da ba za ta iya rabuwa da su ba ko da za a ƙone sauran. Waɗannan su ne waƙar. Da ta ware su za ta ga waɗanne ne suke yi musu hidima, waɗanne ne maimaici.

Kuma ƙanwata, abu ɗaya ko biyu a zama guda, ba goma ba. Wanda aka nuna wa kuskure goma ba ya gyara ko ɗaya, abin da yake ɗauka ya tafi da shi kawai shi ne bai iya ba. Ki zaɓi wanda idan aka gyara shi waƙar za ta fi matsawa gaba, yawanci kuma babba ne kafin ƙarami: me waƙar take son faɗi, a ina ta saki jigonta ta shiga wani, sannan a zo kan kari, sannan kalma. Babu amfanin daidaita gaɓoɓin baitin da gobe za a cire shi. Ki kuma riƙa faɗin abin da ya same ki a matsayinki na mai sauraro. "A baiti na tara hankalina ya bar waƙar, ban dawo ba sai a na goma sha biyu" magana ce da ba mai iya musa miki, kuma tana nuna wa mai waƙa daidai inda zai duba. "Tsakiyar ba ta yi ba" kuwa hukunci ne, ba abin da zai yi da shi sai dai ya kare kansa ko ya karaya. Wani abin da nake roƙonki ki kiyaye: kada ki sake rubuta wa mutum ɗangonsa, ko da kin ga kalmar da za ta zauna tana yi miki ƙyalli. Ki nuna ramin, ki bar shi ya cike. Ni kaina ina ƙarama wata da ta girme ni ta taɓa karɓar waƙata ta gyara ta tsaf da alƙalaminta, ta dawo mini da ita ta fi kyau nesa ba kusa ba, amma ban sake karanta ta a gaban kowa ba, don na san ba tawa ba ce kuma. Wanda ya amfane ni shi ne malamin da ya ja layi a ƙarƙashin ɗango ɗaya tak, ya ce wannan ne muryarki, ki je ki kawo mini sauran su yi kama da shi.

Yanzu zamanku. Bayan kin ga aminiyarki, ki faɗa a gaban sauran, a taƙaice, cewa abin da kika yi ranar nan ba daidai ba ne, tun da a gabansu aka yi. Sannan ki kawo shawara ɗaya mai sauƙi: duk wanda zai karanta waƙa ya faɗa tun kafin ya fara, sauraro kawai yake so ko a feɗe masa. Wanda ya ce sauraro, a saurare shi, ba mai gyara masa ko wasali. Wanda ya ce a feɗe, shi ya buɗe ƙofa. A duka biyun kuma, maimakon addu'a kaɗai, kowa ya maimaita ɗango ɗaya da ya maƙale masa. Wannan ba ya buƙatar aruli, wanda bai taɓa jin sunan Mutaƙarab ba ma zai iya, kuma yana tilasta wa kowa ya saurara. Idan mutum shida cikin takwas suka maimaita ɗango ɗaya, mai waƙar ya san inda ƙarfinsa yake. Idan baiti biyar a jere ba wanda ya ɗauko komai daga cikinsu, shi ma ya ji saƙon ba tare da an kunyata shi ba.

Ke za ki fara miƙa wuya. Ki kawo waƙarki, wadda kika san tana da rauni, ba wadda kika goge ta yi sumul ba, ki ce a feɗe. Duk abin da aka faɗa, ko kin ga bai kai ba, ki rubuta a gefen takarda ki yi godiya, kada ki yi bayani. A zama na gaba ki dawo da ita a gyare, ki nuna inda maganar wane ta yi amfani. Ranar da suka ga an gyara wa mai gyara kuma ba ta mutu ba, sai tsoron ya fara sauka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma sai mutane sun gani a jikin wani suke yarda. Kina iya ba su labarin Zuhairu ɗan Abi Sulma, shi ma mawaƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, wanda ake kiran manyan waƙoƙinsa hauliyyat saboda shekara guda yake ɗauka a kan waƙa, yana tsarawa, yana tacewa, yana nuna wa masana kafin ya fitar. Mai tasowa yakan ɗauka cewa gwani a zama ɗaya yake zubo waƙa cikakkiya, shi ya sa yake jin gyara kamar shaida ce cewa shi ba gwani ba ne.

Idan kun ɗan saba, ku gwada tahamisi a tsakaninku, da izinin mai waƙa: wani ya ɗauki waƙar ɗan'uwansa mai ƙwar biyu, ya ɗora ɗango uku a kan kowane baiti ta koma ƙwar biyar. Tsohuwar hanya ce a rubutacciyar waƙar Hausa, ita ce Isan Kware ɗan Shehu Usmanu ya bi a kan Tabban Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar Hausa. Ba za ka iya yi wa waƙa tahamisi ba sai ka shiga karinta da amsa-amonta ka zauna, kuma a nan ne kowa zai ji da kansa inda ta miƙe da inda ta karkace. Ga shi kuma girmamawa ce ga mai waƙar, domin ba a ɓata dare a kan abin da aka raina.

Mai yiwuwa kuma a ƙi shawarar taki. Wasu don hutun rai suke zuwa irin wannan zama, ba don su zama gwanaye ba, kuma haƙƙinsu ne. Idan haka ta kasance kada ki yi fushi ki fice. Waɗanda suka same ki a gefe suka ce gaskiya kika faɗa, ki ɗauki biyu daga cikinsu ku riƙa musayar waƙoƙi ku uku, kuna feɗe wa juna yadda kuke so, babban zaman kuma ki bar shi a matsayinsa na wurin sauraro da zumunci.

Dattijon nan kuwa, ban ga abin da zai kai ki gare shi ba sai in shi ya nema. Bai hana kowa ci gaba ba, kuma mutumin da ya kai shekarunsa yana zama cikin yara yana karanta abin da ya rubuta, wannan kaɗai ƙarfafa gwiwa ce gare ku. Ki ɗauko ɗangon da ya yi kyau a waƙarsa ki maimaita masa kamar kowa, za ki samu, domin wanda ya daɗe a duniya ba ya rasa kalmar da ku ba ku sani ba. Idan wata rana ya ce a duba masa, ki same shi shi kaɗai, ki ce Baba rera mini wannan baitin, na kasa kama muryarsa. Sauran aikin kunnensa zai yi.

Ba zan yi miki alkawarin cewa aminiyarki za ta dawo zaman ba. Tana iya yafe miki har zuciya amma ta kasa sake tsayawa a ɗakin da abin ya faru, tana iya kuma komawa rubutu ba tare da ta sake nuna wa kowa ba na tsawon lokaci. Idan haka ne, ki riƙe ƙawancen ki bar waƙar ta zo da ƙafarta. Wata rana, idan hira ta yi daɗi, ki miƙa mata sabuwar waƙarki ki ce ta gaya miki wane ɗango ne ya zauna mata, wane ne bai zauna ba, domin mai idon da ya ga takalman nan za ta ga abin da ke ba ki gani ba a rubutunki. Ki je wurinta cikin makon nan, kada wata na uku ya cika. Allah ya jiƙan mahaifiyarta, ya daidaita tsakaninku.